Fuskar Baba Shekari a Kan Ɓarawon Madara

Goggo Kande,

Don Allah ki taimake ni da shawara tun kafin in ƙarasa zubar da mutuncin gidanmu, domin na jiƙa wa kaina aikin da ban san ta inda zan fara ba. Na daɗe ina karanta filinki ina dariyar masu rubuto miki, ina cewa wane irin sakarai ne zai kwashi asirin gidansu ya kai jarida. To ga sakaran nan ya iso da ƙafarsa, ki matsa mini in zauna.

Shekaruna ashirin da biyu, ɗan Kudancin Zariya ne ni, daga wajen Zonkwa. Ina ajin ƙarshe a sashen zane-zane na wata kwaleji a nan Kaduna. A Trikania nake zaune, gidan yayan mahaifina, Baba Shekari, shi da matarsa Mama Dorcas, tun da mahaifina ya rasu ina aji biyu na sakandare. Baba ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, shekararsa goma sha tara a can, kuma dattijo ne a cocinmu. Lokacin da na ce zane zan karanta, dangi kaf suka taru suka ce a kai ni Sabon Tasha in koyi kanikanci, wai zane aikin wanda ba shi da aikin yi ne. Baba Shekari kaɗai ya ce a ƙyale yaro, Allah ne ya ba shi hannun. Ki riƙe wannan a ranki, don ki san irin butulun da yake rubuto miki.

Akwai wani abu kuma. Kin san halin da ake ciki na kayan masarufi tun da soja suka karɓi mulki, madara da sukari da sabulu sai an bi layi, wani lokaci a bi layin a dawo da ciwon ƙafa kawai. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙarsu takan samo nata kason ta raba wa mambobi, kuma Baba aka damƙa wa makullin siton, saboda kowa ya san ko allura ba zai ɗauka ba. Makullan suna rataye a ƙugunsa da wata jar igiya, ko wanka zai shiga da su yake shiga.

Yanzu bari in ba ki labarin makaranta. Malaminmu na zane, Mista Ernest, ya yi kwas na wata shida a Turai, har yau bai gama dawowa ba. Shekara biyu ke nan yana jera mana tulu da ƙwarya da lemo uku a kan tebur yana cewa mu zana. Tulun nan na san shi ciki da waje, in ya ɓata ni za a kira in ba 'yan sanda kamanninsa. Mista Ernest yana da doka guda wadda ba ya wasa da ita: ba a zana fuskar mutum da ka, sai ka ga mai fuskar a gabanka. Duk fuskar da ka ƙirƙiro, zai ja mata jan biro ya rubuta a ƙasa wai dankali ne mai ido. Littafin komik kuwa, wato labarin da ake bayarwa cikin zane, a wurinsa abin naɗe ƙosai ne.

Ni kuma komik ɗin ne a raina tun ina firamare. A dogon hutun bara na fara nawa. Labarin wani bakanike ne mai suna Jethro, wanda ya gano wani attajiri, Oga Ɓoye, yana tara madara da sabulu a ɗaki yana jiran su yi tsada. Shafi talatin da biyu ne. Na zana shi a laburare, na zana shi a bayan ɗakin cin abinci, na zana shi duk ranar Laraba a lokacin darasin tarihin zane, wanda dalilin haka na faɗi darasin, ga shi nan a wuyana zan sake rubutawa. Yatsuna kullum baƙi ƙirin da tawada. Mama Dorcas tana ganin yatsun sai tausayi ya kama ta, ta ce karatu zai kashe mata ɗa, ta ƙara mini nama a miya. Ni kuma in cinye abina.

Fuskar jarumin ba ta ba ni wahala ba. Abokina Wilson ya zauna mini da murnarsa, sharaɗinsa kawai in faɗaɗa masa kafaɗa, don Allah bai wadata shi da ita ba. Matsalar ita ce ta ɓarawon. Na tambayi mutum biyar a ajinmu, kowa ya ce in je in zana ubana. Na gwada ƙirƙiro ta da ka, ta fito dankali mai ido, yadda Mista Ernest ya faɗa. Abin ya ba ni haushi ƙwarai, ba don komai ba sai don mutumin ya yi gaskiya.

A cocinmu dattawa a gaba suke zama, suna fuskantar jama'a. Ni ina cikin mawaƙa, bencinmu yana gefe, daidai inda nake ganin Baba Shekari sosai. Fastonmu kuma in ya hau wa'azi, Allah ya ba shi numfashi, sai ya yi awa ɗaya da rabi bai nemi ruwa ba. Baba, wanda ya yi kwana shida a tsaye gaban inji, yakan rufe ido tun daga karatun nassi, wai bimbini yake yi. Ba ya motsi ko kaɗan. Goggo, a duk Kaduna babu ɗalibin zane da ya taɓa samun mutum mai zama shiru irin wannan. Wata Lahadi na sa takarda cikin littafin waƙa na zana shi, don hannu kawai. Lahadi ta gaba na sake. Wata bakwai na yi ina wannan ibadar, masu kallona suna cewa yaron nan akwai riƙe wa'azi, komai sai ya rubuta.

Ban san ranar da na yanke shawara ba, na dai wayi gari na ga Oga Ɓoye yana da wushiryar Baba, da tabon haɓarsa, da kunnen hagunsa mai ɗan lanƙwasa, da tabaransa da ya ɗaure da baƙin zare. Amma kada ki ɗauka ba ni da wayo. Na ƙara masa gashin baki da tumbi da wata malafa, na ja da baya na duba, na ce yanzu ko uwar da ta haife shi ba za ta gane shi ba. Da na zo zana makullan sito kuwa, ban taɓa ganin makullan sito ba sai na Baba, sai na zana su da jar igiyarsu.

Da na gama, na kai wa Oga Sylvester, wani Inyamuri mai ɗab'i a Kakuri, wanda yake buga katin aure da takardun jana'iza. Ya duba ya yi ta dariya, ya ce bari ya gwada buga bangon littafin ya ga yadda zai fito. Ya buga, ya fito da kyau, sai ya manna shi a ƙofar shagonsa don talla. Shagon nan a bakin hanyar da ma'aikatan masaƙa suke bi safe da yamma yake. A bangon kuwa, Oga Ɓoye ne zaune a kan katan-katan na madara, yana murmushi da wushirya, makullai a ƙugu, sunana a ƙasa da manyan baƙaƙe, don na matsa wa Oga Sylvester ya ƙara girmansu.

Uwar da ta haife shi ba ta raye, ban san ko za ta gane shi ba, amma ma'aikatan masaƙa kwana ɗaya ya ishe su. Da farko wasa ne, ana ta kiransa Oga Ɓoye a bakin get. Sai wani mai zurfin tunani ya tambaya wa ya zana. Aka ce ɗan da Baba yake riƙo, wanda yake kwana a gidansa. Shi ke nan magana ta juya, wai ɗan gida ba zai zana abin da bai gani ba, wai yaron ya gaji da ganin zalunci ne ya tona asiri da dabara. Rabon watan jiya bai kai ga dukan mambobi ba, kamar yadda bai taɓa kaiwa ba tun da aka fara, amma yanzu an samu wanda za a nuna. Kwamitin ƙungiya ya sa ranar Litinin ta sama don a zauna a kan maganar sito, kuma an ce makullin za a karɓa. Wata daga zumuntar mata ta cocinmu ta zo gaishe da Mama Dorcas, sau uku tana neman bayan gida, duk sau ukun tana ɓata hanya tana faɗawa ɗakin kwana. Mu da rabonmu da shayi mai madara tun bikin Ista.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Baba bai ce mini komai ba. Mama ta tsinci bangon a ninke cikin aljihun rigar aikinsa da za ta yi wanki, ta ajiye mini a kan katifa, nama dai ya ɓace daga miyata. Shi kuwa yana amsa gaisuwata, yana tambayata jarrabawa saura kwana nawa. Ranar Lahadin da ta wuce, fasto ya yi awa biyu cur, Baba bai rufe ido ko sau ɗaya ba. Ya zauna yana kallon ƙasa har aka tashi. Na so a ce marina ya yi a gaban jama'a, da ya fi mini sauƙi. Kunya nake ji irin wadda ban taɓa ji ba.

Kina tsammanin na gama, saura ƙiris. Shekaranjiya Mista Ernest yana duba jakar aikina sai ya ci karo da littafin. Na tsaya ina jiran jan biro. Ya daɗe yana buɗawa, sannan ya ce jarumin banza ne, kafaɗunsa kamar an sa wa mutum katako a riga, amma fuskar ɓarawon ita ce abu mai rai na farko da hannuna ya yi cikin shekara biyu. Ya ce zai karɓi littafin a matsayin aikina na ƙarshe, a kafe shafukan a baje kolin 'yan ajin ƙarshe nan da mako uku, muddin ban taɓa fuskar ba. In kuwa tuluna zan kawo, da makin da nake da shi, in shirya maimaita shekara. Baje kolin nan iyaye ake gayyata, kuma Baba ya riga ya kai babbar rigarsa wajen mai guga tun kafin wannan abu ya faru.

Wilson ya ce kada in sake in taɓa komai, wai duk babban mai zane sai ya ɓata wa wani rai, shi da kafaɗarsa kawai yake karewa. Oga Sylvester ya ce surutun nan alheri ne, mutane har sun fara tambayar yaushe littafin zai fito. Ni kuwa wani lokaci in ce in ƙone shi, wani lokaci in tuna wata goma sha ɗaya da na zuba a ciki. In na maimaita shekara ma Baban ne zai ci gaba da ɗaukar nauyina. Ban yi nufin sharri ba, Allah ya sani, doka na bi. Goggo, in ƙone, ko in kafe, ko in tattara in koma ƙauye?

Mai Baƙin Yatsu,
Trikania, Kaduna.

AMSA

Ɗana Mai Baƙin Yatsu,

Na farko dai ka gode mini, domin na sauya sunayen duk mutanen da ke cikin wasiƙarka kafin a buga. Kai ka ɓoye naka sunan da kyau, amma ka rubuto na babanka cikakke, da sunan masaƙarsa da na cocinku da lambar gida. Na lura ɓoye mutumin nan ba ya cikin baiwar da Allah ya ba ka.

Bari in fara da abin da ke wajenka, don kana da shi. Hannunka yana da kyau. Mutumin da aka ƙara wa gashin baki da tumbi da malafa, amma ɗaruruwan ma'aikata suka gane shi suna tafe a kan keke, lallai wanda ya zana shi ya iya. Malaminka ma ya yi gaskiya, kuma ba laifi ba ne ɗalibi ya so ya ci jarrabawa. Labarin masu ɓoye kaya labari ne da ya kamata a bayar, ni kaina jiya na yi awa uku a layi na dawo da gwangwani ɗaya. Saboda haka kada ka ƙone littafin. Ƙonewa ba za ta goge abin da mutane suka gani ba, hasali ma cewa za a yi an tsorata ka ne ka ɓatar da shaida. Komawa ƙauye kuwa ta fi kowace muni, ka kunna wuta a gidan mutum ka hau motar Kafanchan.

Yanzu ɗaya ɓangaren. Ka ce doka ka bi. Dokar ta ce ka ga mai fuska a gabanka, ba ta ce ka jira ya yi barci ba. Mutum biyar ka tambaya a ajinku suka ƙi, ka kuwa ƙyale su, don ka san haƙƙinsu ne su ƙi. Baban da ya tsaya maka gaban dangi shi ne kaɗai ba ka tambaya ba, domin ka san amsar. Na karanta wasiƙarka sau biyu ina neman inda ka ce ka je ka cire bangon daga ƙofar shago, ban gani ba. Na ga dai inda ka sa aka ƙara girman sunanka. Kana ta auna difloma da wata goma sha ɗaya, shi kuwa shekara goma sha tara ya yi yana tara abu ɗaya tak, wato a ce Shekari ba ya cin amana, kuma shi za a zauna a kai ranar Litinin.

Ga abin da za ka yi, kuma a jere. Yau, kafin ka ci abinci, ka je Kakuri ka ɓare takardar nan da hannunka, ka karɓo duk wadda ta rage wajen Oga Sylvester. In ya ce surutu alheri ne, ka ce masa za ka zana shi a bangon na gaba, ka ga ko zai maimaita.

Da yamma ka nemi Mama Dorcas ta zauna, ka durƙusa gaban babanka da littafin da duk takardun da ka zana a coci. Ka faɗa masa yadda aka yi daga farko, ba tare da ka jingina laifin ga malami ko fasto ko gwamnati ba. Shirun da ya yi maka ba yafiya ba ce, mutumin yana jira ne ya ga ko ɗan da ya riƙe zai zo da kansa. Mai yiwuwa ma a ransa yana tambayar ko da gaske kallon ɓarawo kake masa. Wannan tambayar kai kaɗai za ka iya amsa ta.

Ranar Litinin ka manta da makaranta, ai ka saba, Laraba nawa ka manta da ita. Ka roƙi Baba ya yarda ka bi shi gaban kwamiti, ka baje musu zanen wata bakwai, su ga mutumin da idonsa a rufe, da bencin dattawa a bayansa, su gane daga coci ka samo shi, ba daga sito ba. Za a yi dariya, za a san dattijo yana gyangyaɗi a wa'azi, amma wannan duk cocin sun sani, fasto ma ya sani. Gara a tsokane shi da barci har ya tsufa da a karɓi makullin nan daga ƙugunsa a gaban abokan aikinsa. Ka kuma tashi a coci ka faɗi haka nan, don 'yan zumuntar mata su huta da ɓata hanya.

Sannan ka je wa Mista Ernest da gaskiya. Ka ce fuskar ba taka ba ce, ba a ba ka ba, ba za ka kafe ta ba. In shi malamin kirki ne zai fahimta, in kuwa ya ƙi, ka maimaita shekarar, ba a taɓa binne wanda ya maimaita aji ba. Amma ina zaton ba za a kai nan ba. Abin da yake so fuska ce mai rai, kuma kana iya ba shi biyu. Ta farko, in Baba ya huce, ka roƙe shi ya sa babbar rigar nan da aka goge, ya zauna maka ido buɗe, ka zana shi a matsayin kansa, da sunansa a ƙasa. In ya ƙi, ka haƙura, wannan karon yana da damar ƙi.

Ta biyu ita ce ta Oga Ɓoye. Na tambayi masu zanen jaridarmu, sun ce ba sai ka sake shafi talatin da biyu ba. Kawunan kawai za ka sake a wata takarda, ka yanka, ka manna a kan na da, ka shafe jar igiyar da farin fenti. Mako uku ya isa, in ka rage zama da Wilson. Saura wanda zai zauna maka, tunda ba a zana fuska da ka. Ka ari madubin Mama Dorcas ka jingina a kan tebur. Wanda za ka gani a ciki ba zai kai ƙararka ba, ba kwamitin da zai karɓe masa makulli, kuma ya san aikin sarai, tunda ya yi wata bakwai yana ɗaukar abin da ba nasa ba daga mutumin da ya amince da shi, yana kuma cin nama a kai. Wannan ba sai ka ƙara masa gashin baki ba.

Allah ya sanyaya zuciyar babanka, ya wanke shi a gaban jama'a ranar Litinin, kai kuma ya ba ka sa'ar jarrabawa da ɗan hankalin da zai raka wannan hannun naka.

Taka,
Goggo Kande.